Ranar Da Za A Miƙa Maka Almakashi: Lacca Ga Masu Neman Digiri Na Uku A Kemistiri

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da ɗaliban kemistiri suka shirya a Katsina. Mai jawabin malamin jami'a ne, ɗan garin. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ina neman izininku. Ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa. Na ji an ce wasu daga Dutsin-Ma suka taso, wasu daga Daura. Allah ya ba da ladan tafiya.

An ce in yi magana a kan wata ƙofa da ke tsakiyar karatun digiri na uku, wadda da yawa ba sa jin labarinta sai sun iso bakinta. A Amurka, inda na yi nawa karatun, ana kiranta kandidasi. Don an ɗauke ka karatun dakta, jami'a ba ta riga ta yarda za ka zama dakta ba. Kujera aka ba ka da teburin gwaji. Za ka yi kamar shekara biyu kana ɗaukar darussa, kana koyar da 'yan aji ɗaya, kana fara taɓa bincike. Sannan a tara farfesoshi uku zuwa biyar su zaunar da kai. In ka gamsar da su, sai takarda ta tafi makarantar manyan digiri cewa wane ya tsallake. Daga ranar abin da ya rage maka bincike ne, da rubuta kundi, da kare shi. In ba ka gamsar da su ba, galibi akan ba da dama ta biyu. Wanda ya sake faɗuwa, sau da yawa digiri na biyu ake ba shi a sallame shi.

A Ingila rajistar wucin gadi ake yi wa mutum, bayan kamar shekara guda ya rubuta rahoto, a yi masa tambayoyi, sannan a tabbatar da shi. Mu nan gida muna da kare furofozal, wato tsarin binciken da za ka yi, a gaban sashe, wasu kuma su fara da MPhil, digirin bincike da ke ƙasa da na dakta, kafin a juya musu rajista zuwa digiri na uku. Suna ne ya bambanta, ƙofar ɗaya ce.

Ku dubi yaron tela. Yana iya shekara yana guga, yana sa maɓalli, yana kalmasa, duk a kan abin da maigidansa ya riga ya yanka. Ranar da maigidan ya shimfiɗa shaddar wani bawan Allah ya miƙa masa almakashi ya ce yanka, ba a yaye shi ba tukuna, amma an yarda in aka bar shi da kayan mutane ba zai ɓata ba. To wannan ce ranar da nake magana a kai. Malaman da za su zaunar da kai ba gwada yawan haddarka suka zo yi ba. So suke su gani ko za a iya barin ka kai kaɗai da tambayar da ba wanda ya san amsarta, ka dawo da lambar da za a dogara da ita.

Ni ban tsallake a zaman farko ba, kuma ina so ku ji dalili. Aikina a lokacin ya shafi cire dalma daga ruwa ta hanyar sa ta ta manne a jikin wani irin gari. Na shirya bayani mai tsawo, na haddace shi. Ban yi nisa ba wata farfesa ta tsayar da ni ta ce, me ya sa ka yi gwajin a pH 5? (pH ma'aunin tsamin ruwa ne, in lambar ta sauka tsamin ya ƙaru, in ta hau ya ragu.) Na ce haka waɗanda suka riga ni suka yi. Ta ce su me ya sa suka yi haka? Na yi shiru. Ta miƙo mini alli ta ce je allo, rubuta abin da ke faruwa da dalma in ka ɗaga pH. Wallahi abin da muka karanta ne tun digiri na farko. In pH ya haura 6 ko kusa da haka, dalma takan fara haɗuwa da haidiroksaid, wani sinadari da ke ƙaruwa a ruwa in tsami ya ragu, ta kwanta a ƙasan kwalba da kanta. Kai kuma ka auna ruwan sama, ka ga ta ragu, ka rubuta cewa garinka ne ya kama ta, alhali bai yi komai ba. Na san hukuncin a takarda, ban taɓa haɗa shi da kwalbar da ke hannuna ba. Aka ce in je in dawo bayan wata uku.

Na sha baƙin ciki ƙwarai, don ranar na kasa kiran gida. Amma a wata ukun nan na zama mai kemistiri. Na ɗauki littafin gwajina na bi shi layi-layi, kowace lamba na tambayi kaina daga ina ta fito. Me ya sa minti 60 ba 30 ba? Me ya sa wannan asid ba wancan ba? Inda ba ni da amsa, na koma na gwada. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mai kemistiri ya fi kowa cancantar riƙe wannan magana, don sana'arsa ke nan, neman abin da ya tsamar da ruwan.

Bari in kawo abin gida. Kusan kowace shekara sai an kawo mini furofozal na auna ƙarafa masu guba a ruwan rijiya ko na burtsatse. Aiki ne mai daraja, kar wanda ya raina shi. Duk muna tuna abin da ya faru da maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar dalma ta shiga ƙasa da abinci, yara sama da 400 suka rasu, garuruwa irin su Bagega suka shiga labaran duniya. Awo ne ya nuna abin da ke kashe yaran. Saboda haka lambar da ka rubuta tana iya sa a rufe rijiya, tana iya sa a bar yara su ci gaba da sha.

To ga abin da nake gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin lita. Ɗalibi ya kai samfurinsa wajen na'urar auna ƙarafa da ake kira AAS, irin mai amfani da harshen wuta, aka turo masa takarda, ya kwafe 0.002, ya rubuta cewa ruwan lafiya lau. Sai in ce masa, ƙanena, mene ne mafi ƙanƙantar abin da na'urar nan take iya gani? Bai sani ba. Irin wannan na'ura da ƙyar take hango dalma a daidai iyakar nan, balle kashi ɗaya cikin biyar nata. Mai son awo a wannan mataki sai ya nemi na'urorin da suka fi ta gani, wato AAS mai tanderun girafait, ko wadda ake kira ICP-MS. In ce, ka zuba asid naitirik a samfurin tun a bakin rijiya har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin gora? Ka auna kwalbar da ba a sa samfuri a ciki ba, don ka san ko dattin daga kayan aikinka yake? Ka ga layin da aka daidaita na'urar da shi? Sau nawa aka maimaita? Nan za ka ga gumi ya karyo. Ba mugunta ce ta sa nake tambaya ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, kuma gara ta fito a gabana da ta fito a gaban baƙon farfesan da za a gayyato ranar kare kundi, lokacin da shekara huɗu ta riga ta tafi.

Na san halin da muke ciki. Na'urori sun yi mana kaɗan, wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, sinadari ka yi odarsa ka jira wata da watanni. Da yawanku Zariya ko Kano za ku kai samfuri, wanda ke buƙatar NMR, na'urar da ke nuna yadda ginin sinadari yake, ma wani lokaci sai ya aika ƙasar waje. Shawarata, in akwai hali kar ka ba direba samfuri ka zauna jiran takarda. Bi kayanka. Tsaya kusa da mai sarrafa na'urar, girmama shi, don sau da yawa ya fi mu sanin halinta, ka roƙe shi ya nuna maka abin da yake yi, ka karɓi ɗanyen sakamakon ba wanda aka tace kawai ba.

Sai zaɓen tambaya, kuma a nan zan ɗan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Mun cika maimaita aiki guda. Wannan ya ƙona ɓawon gyaɗa ya cire ƙarfe daga ruwa, wancan ya ƙona ƙwallon goruba, na gaba ya ɗauko totuwar masara, hanya ɗaya, zane ɗaya, ƙarshe ɗaya. A digiri na farko ba laifi, koyon hannu ne. A digiri na uku za a ce maka, bayan ka gama, me duniya za ta sani wanda ba ta sani ba jiya? Canza sunan ƙauye ba amsa ba ce.

Ba wai ƙasarmu ta rasa tambayoyi ba. Ga farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ake gasawa a zafin da ya kai digiri 600 zuwa sama ta sauya hali, a yi alif da ita ko ziyolait, wani sinadari mai ƙananan ƙofofi da ake tace abubuwa da shi. An yi rubuce-rubuce da yawa a kanta, musamman a Zariya, to ka karanta su duka ka gano inda suka tsaya. Ga bagaruwar da majema ke jima da ita. Ga kanwa da ke kowane gida. Ga gubar afilatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara in ajiya ta yi danshi. Ka ɗauki guda, ka ƙanƙance ta har ta zama abin da za ka iya faɗa wa mahaifiyarka da Hausa cikin numfashi biyu. In ba ka iya ba, kai ma ba ka gane ta ba tukuna. Sannan ka rubuta abin da za ka yi in hanyar farko ta ƙi, don za a tambaye ka, kuma za ta ƙi.

A gefe guda, nakan tuna wa ɗalibaina cewa marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda jami'ar jiharmu ke ɗauke da sunansa, kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koma ya yi digiri na biyu a fannin awon sinadarai, ya kuma koyar kafin ya shiga siyasa. Fannin ba baƙo ba ne a garin nan.

Ranar zaman kanta, abu guda zan roƙe ku. Za a kai ku inda saninku ya ƙare. Dole ne, don haka aka tsara abin. Duk amsar da ka bayar, za a ƙara taku ɗaya har sai an ga bakin iyakarka. In ka isa nan, kar ka yi kame-kame. Mu da muka tashi a zaure mun ji malamanmu suna cewa an sha tambayar Imamu Malik ya ce ban sani ba, kuma hakan bai rage masa komai ba. Ka ce ban sani ba, amma ga abin da nake zato, ga dalilina, ga gwajin da zan yi in tabbatar. Ka ɗauki alli ka yi tunaninka a fili su gani. A zamana na biyu sau uku na faɗi haka, kuma ranar aka sa mini hannu.

Kafin ranar, tara abokanka su yi maka zaman gwaji, ka ce kar su tausaya maka. Ka je ofishin kowane malami da ke kwamitin ka gaishe shi, ka karanta abin da ya rubuta, don mutum daga fanninsa yake tambaya. Ka koma littattafan aji biyu da aji uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da aka ba da damar tambaya, wata ɗaliba ta miƙe ta ce: Malam, ni ina da aure da yara biyu, kuma ina koyarwa. Mai duba aikina yakan yi wata uku bai karanta abin da na ba shi ba. Ya zan yi in kai wannan mataki?

Malama, Allah ya yi wa yaran albarka. Wannan ciwo ne da muka sani, kuma mu malamai muna da laifi a ciki. Kar ki riƙa kai masa shafi 80 a dunƙule. Kai masa shafi biyu: ga tambayata, ga abin da na gwada, ga abin da ya fito, ga inda na maƙale. Ki nemi minti 15 a tsaye, ko bayan lacca ne. Duk abin da kuka yanke, ki rubuta da kwanan wata ki tura masa a ranar. Ki riƙe malami na biyu da ke kan aikin, kar ki bar sunansa a takarda kawai. In abin ya wuce haka, kowane sashe yana da mai kula da ɗaliban manyan digiri, ki same shi cikin ladabi da takardunki a hannu. Batun gida kuwa, ki zauna da maigidan ki nuna masa kalandar gwajin tun yanzu, don akwai gwajin da in aka kunna shi ba a barin sa sai ya yi awa 12, ya san ranakun da wuri a shirya wanda zai ɗauko yara. Ki same ni bayan La'asar da shafi biyun nan, in duba.