Abin da yanayin sirri a burauzar waya yake ɓoyewa

Assalamu alaikum. Ina godiya da kuka samu halarta. Abubuwa huɗu nake son mu duba game da yanayin sirri da ke cikin burauzar wayoyinmu, wanda Chrome ke kira Incognito, Safari da Firefox ke kira Private, Samsung Internet kuma ke kira Secret mode. Sunaye sun bambanta, aikin kusan ɗaya ne.

Na farko shi ne asalinsa, kuma ba zan daɗe a nan ba. Kamfanin Apple ne ya fara shigo da shi a Safari a 2005, Chrome ya zo da nasa a 2008, Firefox ya biyo baya a 2009, sannan ya iso iPhone a 2011.

Na biyu, me yake yi? Idan ka buɗe shafi a wannan yanayi, burauzar ba za ta ajiye tarihin inda ka shiga ba, ba za ta riƙe abin da ka cike a fom ba, kuma kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka suka dasa maka don su gane ka, za su goge da zarar ka rufe dukkan shafukan sirrin. Ku lura da kyau, na ce dukkansu, domin idan ka bar guda ɗaya a buɗe, zaman bai ƙare ba. Wannan kariya ce daga wanda zai karɓi wayarka ya duba, kuma kariya ce mai amfani ga mai binciken wata rashin lafiya, ko mai aron wayar wani don ya shiga imel.

To, na uku shi ne abin da ba ya ɓoyewa, kuma a nan ne nake son mu tsaya sosai, domin a nan mutane suke cutuwa. Yanayin sirri a cikin wayarka kaɗai yake aiki. Kamfanin sadarwarka yana iya sanin shafukan da ka ziyarta, mai Wi-Fi ɗin makaranta ko wurin aiki ma haka, shafin da ka shiga kuwa yana ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane haɗinka da ita a intanet, yana kuma iya haɗa irin wayarka da girman allonta da harshen da ka saita har ya gane ka ko babu kukis. Kamar mutum ne ya share sawun ƙafarsa a tsakar gidansa bayan duk masu zama a bakin hanya sun ga wucewarsa. Kada wani ya ɗauka wannan ruɗani na marasa ilimi ne. A 2020 wasu masu amfani da Chrome sun kai Google ƙara a kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta Amurka, suna neman diyyar aƙalla dala biliyan 5, bisa zargin cewa kamfanin yana tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito. An sasanta, kuma takardun da aka gabatar wa kotu a 2024 sun nuna Google ya amince ya goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara sanarwar da ke fitowa idan an buɗe shafin. Ina roƙonku, yau idan kun koma, ku buɗe shafin ku karanta sanarwar nan daga farko har ƙarshe. Yawancinmu tsallake ta muke yi, alhali a cikinta aka faɗi wanda zai iya ganinmu. Zan maimaita: a cikin wayarka kaɗai yake aiki.

Na huɗu shi ne abin da ke saura ko a cikin wayar. Fayil ɗin da ka sauke yana nan, shafin da ka yi wa alama yana nan. Mahaɗin da ka taɓa a cikin Facebook sau da yawa a burauzar manhajar yake buɗewa, wadda ba ruwanta da yanayin sirrinka. Ku kunna makulli kuma: tun daga iOS 17, tsarin aikin iPhone na 2023, Safari na kulle shafukan sirri da fuska ko yatsa, Chrome ma yana da irinsa. Firefox Focus da burauzar DuckDuckGo kuwa da taɓawa ɗaya suke share zaman.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, 'yar'uwa.

“Malam, idan na haɗa da VPN fa, shi ke nan na ɓuya?”

Tambaya ce mai kyau. VPN, wato manhajar da ke bi da haɗinki ta na'urar wani kamfani a rufe, yana rufe wa kamfanin sadarwa da mai Wi-Fi ido, yana kuma sauya adireshin da shafi ke gani, amma amanar da kika cire daga hannunsu kin danƙa ta ga kamfanin VPN ɗin, don haka sai kin san ko wane ne shi, musamman idan kyauta yake bayarwa. Wanda ya fi shi nisa shi ne Tor Browser, wanda cikakken samfurinsa ya fito a Android a 2019. Yana bi da saƙonki ta tashoshi uku kafin ya isa, shi ya sa yake da nauyi wajen buɗe shafi. Duk da haka, ko da wanne kika shiga, idan kika sa sunanki da kalmar sirrinki a Gmail ko Facebook, shafin ya san ke ce, kuma abin da kika yi a ciki yana iya shiga tarihin asusunki.