Jawabin maraba ga babbar baƙuwarmu daga Teshie a taron matan Nima

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Sarki, malamanmu limamai, iyayenmu magajiyoyi, sai kuma babbar baƙuwarmu Hajiya da ta taso daga cibiyar Kofi Annan ta horar da masu aikin wanzar da zaman lafiya dake Teshie, lale marhabin, sannunki da zuwa Nima.

Hajiya kin sa kaki kin je inda ake yaƙi kin gani da idonki, dama sojojin Ghana tun 1960 suka fara wannan aiki a Kongo. Toh mu abinda yasa muka nace sai kinzo shine abinda ake ma mata a fagen daga yana biyosu har cikin zango. Iyayenmu sun gani lokacin da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam ma mutanen Laberiya a 1990, yanzu kuma ga 'yan uwanmu na Burkina suna tsallakowa ta arewa, wasu har su gangaro Accra su sauka gidan dangi. Sai kiga yarinya tazo bata magana bata cin abinci, dare yayi ta dinga firgita, mu kuma sai muce iska ne a nemo mai ruƙiya, alhali fyaɗe masu bindiga suka mata a hanya kuma kunya ta hanata faɗi, wallahi wannan abu yana ci mana rai.

Munsan duniya tayi magana. A 1998 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya dake Arusha a Tanzaniya ta hukunta Akayesu, wani shugaban gari a Ruwanda, ta sa fyaɗe cikin laifin kisan ƙare dangi, a 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ƙuduri na 1820 tace ana amfani dashi a matsayin dabarar yaƙi, har an ware 19 ga Yuni saboda shi. Amma ƙofar da yarinyar nan zata fara bugawa ta goggonta ce ko ta ungozoma ko ta liman.

Shi yasa muke roƙonki dan Allah a kawo mana horo kan kula da waɗanda aka ma fyaɗe da Hausa, anan cikin unguwa. Da yawanmu bamu san cewa maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake farashi ba, in aka tsaya rufa-rufa har kwana 3 suka wuce shikenan an makara. A koya mana yadda ake sauraron mace ba tare da an titsiyeta da tambaya ba, da yadda za'a rakata asibiti, da ofishin DOVVSU na 'yan sanda mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu in ita da kanta ta yarda. Yara maza ma ana musu, su kam sun ma fi ɓoyewa.

Mu ma da namu gyaran, malamai ku gafarceni. A daina gaggawar aurar da ita don a rufe magana, a daina goranta ma ɗan da ta haifa, munji yadda matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram suka sha tsangwama a garuruwansu har ana ce musu matan 'yan ta'adda, bama so a maimaita haka a zangonmu. Huɗubar Juma'a guda kan wannan zata shiga gidajen da mu mata bama iya shiga.

Hajiya akwai ungozomomi da malaman makarantun Islamiyya a zaune nan da tambayoyinsu, in kin gama jawabi dan Allah ki basu lokaci. Bismillah, ga lasifika.