Tsohon Soja da Wurin Kwana: Haƙƙin da ke Kan Masallatai da Majami'u

An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro da ke Tudun Wadar Zariya, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, masu unguwanni, iyaye mata da ke can baya, da baƙinmu da suka taso daga Wusasa da Sabon Gari, barkanmu da war haka.

Idan akwai garin da ya kamata ya yi maganar tsofaffin sojoji a ƙasar nan, to Zariya ce. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo, sansanin horar da sababbin sojoji. A nan ake aske wa yaro kai, a koya masa fareti, a miƙa masa bindiga. Makarantar yara ta soja ma tana nan tun 1954. Barikin da muke kira Chindit sunan wata runduna ya ci, wadda ta yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma kakanninmu na cikinta. Daga nan sai yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, sai Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, sai kuma Arewa maso Gabas tun 2009. Muna ganin fitarsu ranar yaye kurata, ana kiɗa, iyaye na guɗa. Dawowarsu fa, wa yake gani?

Ɗakin bariki aro ne. Ranar da aka sallami soja, an ba shi wa'adin kwashe kayansa. Wanda Allah ya taimaka ya yi gini tun yana aiki, to madalla. Amma akwai wanda ya yi shekara ashirin ana cilla shi daga wannan jiha zuwa waccan, iyaye sun rasu, an raba gado ba ya nan, gidan gado an sayar. Fansho kuwa sai an bi hukumar da ke Abuja, sai an yi tantancewa, kuma kun sha gani a labarai tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu. Waɗannan ma masu suna a takarda ke nan. Wanda aka kora, ko ya bar aiki kafin shekarunsa su cika, sau da yawa ba ya cikin lissafin kowa.

Abin da ya sa ba mu ganinsu shi ne tsohon soja ba ya iya bara. Zai ce maka shi maigadi ne. Akwai wani dattijo da ke gadin shaguna a gefen kasuwar Sabon Gari. Duk wanda ya gan shi da asuba zai ga kwalin da ya kwana a kai a naɗe tsaf, an jingine shi bayan ƙofa, takalminsa a goge ko da ya tsage. A ƙirjinsa, cikin riga, akwai leda mai ɗauke da takardar sallama da wani hoto da ya koɗe. Ba don kuɗin gadin ya karɓi aikin ba, don rumfar ce. Idan mai shago ya tashi, shi ma wurin kwanansa ya tashi. Yara suna ce masa mahaukaci saboda yana firgita cikin dare yana kiran sunayen mutanen da ba a sani ba. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna bai fi tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba daga nan.

To, me addini ya ce? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, ta fara da fakirai da miskinai, ta rufe da ɗan hanya. Mutumin da na siffanta ya shiga ta ƙofa fiye da ɗaya. Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana da rumfa ta musamman inda Ahlus Suffa ke kwana, mutanen da ba su da gida, kuma Abu Huraira na cikinsu. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya ce ba a yi masa adalci ba idan an ci ƙuruciyarsa aka yar da shi a tsufansa, ya yanka masa rabo daga baitulmali. Malamai sun yi magana kan ba wanda ba Musulmi ba zakka, amma sadaka da waƙafi ƙofarsu a buɗe take. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da baiko da zakkarsu, sun kuma daɗe da sanin aikin asibiti a Wusasa.

Na ga wasu suna motsi, kuma na san abin da ke ransu. Garin nan yana da tabo tsakaninsa da kaki, musamman abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Disambar 2015, kuma ba ni ne zan ce wa wanda ya rasa ɗa ya manta ba. Wanda ya yi zalunci, akwai shari'a, akwai kuma hisabi gaban Allah. Sai dai tsohon da ke kwana a kan kwali ba shi ke ba da oda ba, kuma sharaɗin zakka buƙata ce.

Mu leƙa Amurka kaɗan. Can suna fita cikin dare ɗaya a watan Janairu su ƙirga marasa gida. A 2024 sun samu tsofaffin sojoji kusan 33,000 a wannan hali, ƙasa da rabin abin da suka samu a 2010. Gwamnati ce ke fitar da mafi yawan kuɗin, amma ƙungiyoyin addini irin su Salvation Army da Volunteers of America suna cikin masu riƙe gidajen kwanan. Dabarar da suka bi ita ce a fara ba mutum ɗaki da makulli, sannan a zo maganar magani da sana'a da barin shaye-shaye. Ni ina ganin gaskiya ce. Mutumin da bai san inda zai kwana ba, ina zai ajiye ƙwayar magani, balle ya tuna lokacin sha?

Mu kuwa mun fi ƙarfi a buhun shinkafa da azumi, da zuwa fareti ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni. Shinkafa tana ƙarewa cikin sati biyu. Alhaji, wannan ɗakin zauren naka da ka cika da tsofaffin tayoyi, shi muke nema. Ka yi waƙafinsa, a rubuta, shaidu su sa hannu, don kada magada su tashi mutum bayan ranka. Inda babu ɗaki, kwamitin masallaci ya biya hayar shekara kai tsaye ga mai gida. Liman da mai unguwa sun san wanda ke kwana a masallaci bayan an kulle, da wanda ke tashar Kwangila. A je da sunayen ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion a tabbatar, saboda za a samu masu ƙaryar soja. Ɗaliban lauya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo kuma su ɗauki takardun fansho su bi, wannan sadakarsu ce.

Takarda tana zagayawa daga hannun dama. Mai ɗaki ya rubuta unguwarsa, mai kuɗin haya ya rubuta wata nawa zai iya ɗauka. Malam mai gabatarwa, a ba iyaye mata lasifika su fara tambaya.