Tan Afella, dutsen da Faransa ta cusa wa bam goma sha uku

(An rubuto wannan lacca ne daga faifan murya, an bar ta kusan yadda aka faɗe ta.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Shugaban taro ya ba ni minti arba'in, na kuma ga ya ajiye agogonsa a kan tebur, wato ba da wasa yake ba. Abu huɗu zan taɓa: inda dutsen da Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya yake, yadda ake haƙa ramin da ake sa bam ɗin, abin da ya faru ranar 1 ga Mayu 1962, sai abin da aka bari a wurin.

Na farko. In ka bar Agadas ka yi arewa, ka wuce Arlit, ka tsallaka iyaka ta Assamaka, za ka faɗa Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Direbobinmu sun san hanyar. Daga Tamanrasset ka ƙara kamar kilomita 150 arewa, cikin duwatsun Ahaggar, ƙasar Buzaye, akwai wuri ana ce masa In Ekker. A nan dutsen yake, Taourirt Tan Afella. Dunƙulallen dutse ne guda, irin mai taurin nan da ake fasawa a yi kwankare.

Me ya kai Faransa can? Ai ba can ta fara ba. Ta fara ne a Reggane, can cikin hamadar Aljeriya, a fili, a sararin Allah. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 ta ɗora bam a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100 ta tayar. Ƙarfinsa kusan kilotan 70. Kilotan ɗaya daidai yake da tan dubu na nakiya, na Hiroshima kuwa wajen 15 ne, sai ku yi lissafi. Ta yi huɗu a haka, Afirka ta ɗauki zafi. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Gana. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan gwaji na uku na ƙarshen Disamba 1960, ta sallami jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta hana jiragensu na sama da na ruwa shigowa. Ƙasa mai wata uku da samun 'yanci fa! To sai Faransa ta ce bari a shiga ƙarƙashin dutse, ba ƙura, ba hoto, ba surutu.

Na biyu, ramin. Nan ne nake so ku ba ni hankalinku, don duk labarin a nan yake.

Tambayar injiniya ita ce: ka haƙa rami a gefen dutse, kusan kilomita guda zuwa ciki, ka kai bam ƙarshensa. Da me za ka toshe? Wani zai ce siminti. Wani zai ce ƙofar ƙarfe. Ana sa su duka, amma ba su ne ke riƙe abin ba. A ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, zafin wurin yana kai miliyoyin digiri. Dutsen da ke manne da bam ɗin ba narkewa yake ba, tururi yake zama. Na bayansa ya narke, na bayan wannan ya farfashe. Sai a sami kogo a tsakiyar dutse cike da iska mai zafi da matsi, tana neman hanyar fita. Hanyar da ta fi sauƙi kuwa wacce ce? Wadda kai ka haƙa da hannunka. Ka gina bindiga ke nan, ramin shi ne bakinta, toshiyar simintinka ita ce harsashi.

Dabarar da suka yi, ƙarshen ramin ba miƙaƙƙe ba ne. Naɗe shi suke yi kamar bayan dodon-koɗi. Ku dubi hannuna. Ramin ya taho a miƙe, ya taho, sai ya fara lanƙwasa, ya zagaya, ya zagaya, ɗakin bam yana can tsakiyar naɗin. Me ya sa? Saboda abu biyu ne ke tsere idan bam ya tashi. Akwai bugun da ke ratsa cikin dutsen kansa, yana gudun kilomita biyar zuwa shida a daƙiƙa guda, kuma shi ba ruwansa da lanƙwasa, kai tsaye yake ratsawa. Akwai kuma iskar mai guba, ita dole ta bi rami, ta zagaya duk naɗin nan. To ana so bugun ya yanke hanya, ya riga ta isa miƙaƙƙen ɓangaren, ya rushe shi, ya matse shi, kafin ta iso. Ta zo ta tarar an rufe. Wato bam ɗin ne ke rufe wa kansa ƙofa.

Ku sake ji, don wannan ita ce laccar, sauran duk ƙari ne. Bam ɗin ne ke rufe wa kansa ƙofa. Kamar ɓarawo ya bi lungu yana zagaye, kai kuma ka haura katanga ka tare shi a bakin lungun. In ka riga shi, shi ke nan. In ya riga ka da taki ɗaya fa? (dariya) To a nan takin ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba.

Kuma abin da ke sa wannan lissafi wahala, an gina shi ne a kan ƙarfin bam ɗin, alhali ƙarfin bam ɗin shi ne abin da ake gwajin don a sani. Kun ga matsalar? In ƙarfin ya gaza abin da aka zata, bugun ba zai rushe ramin sosai ba, iska ta wuce. In ya zarce, ya tsaga dutsen ta inda ba a shirya ba. Amurkawa suna da ƙa'idar zurfi da suke bi: kamar mita 120 ga kilotan ɗaya, kuma zurfin ba ya ninkuwa daidai da ƙarfi. Kilotan 8 yana son mita 240, kilotan 27 yana son 360. Ɗaliban lissafi sun gane, saiwa ta uku ce. Amma ƙa'idar tana ɗauka cewa dutsen lafiyayye ne. Dutse kuwa yana da tsagogi da ba a gani daga waje, kuma in akwai ruwa a cikinsu, ruwan zai zama tururi ya ƙara matsi. Abin da ya faru da Amurka ke nan a Nevada a Disambar 1970, gwajin da suka kira Baneberry: kilotan 10 kacal, amma ƙasar tana da laka mai ruwa da tsaga a kusa, ƙura ta yi sama kowa yana kallo.

Sannan ga wayoyi. Wannan mutane suna mantawa. Gwaji ba shi da amfani in ba a auna ba, aunawa kuwa sai da wayoyi masu yawa daga ɗakin bam zuwa waje. Kowace waya hanya ce. Kowane bututu hanya ne. Iska mai matsi tana iya bin cikin rigar waya ta fito. Don haka mai auna yana son ƙofofi, mai toshewa yana son babu ko ɗaya, su biyun kuma aiki ɗaya suke yi wa gwamnati ɗaya.

Irin dutsen ma da magana. Dutse mai laushi, mai ƙananan kofofi kamar soso, yana shanye wani ɓangare na iskar. Na Tan Afella ba ya shan komai. Ƙarfinsa shi ne amfaninsa, shi ne kuma aibinsa: in ya riƙe ya riƙe, in ya saki ya saki gaba ɗaya.

Shugaba yana nuna mini agogo. Ina na tsaya? Na uku ko? To, na uku.

Gwajin farko a dutsen, 7 ga Nuwamba 1961, sun sa masa suna Agate. Sunayen duwatsun ado suke ba su, Agate, Béryl, Rubis, Saphir, Jade, kamar masu shagon sarƙa. Na biyu shi ne Béryl, 1 ga Mayu 1962. An gayyato manya su yi kallo daga 'yan kilomitoci, har da ministoci biyu: Pierre Messmer na sojoji, da Gaston Palewski na binciken kimiyya. Aka tayar. Dutsen ya girgiza, ƙura ta zubo daga jikinsa, wannan an saba. Sai ga wuta ta feso daga bakin ramin, narkakken dutse ya biyo, baƙin hayaƙi ya tashi sama da kilomita biyu. Ɓarawon ya riga mai tarewa. Iska kuma ta kaɗo hayaƙin ta kan mutane. Aka watse, kowa ya nemi mota, wasu da abin rufe fuska wasu babu. Aka kai su wanka, ana goga musu sabulu ana auna su da na'ura, minista da kurtu layi ɗaya. Sojoji tara da aka bari a wani wurin gadi su suka fi kowa sha, sai da aka kwashe su zuwa asibitin soja na Percy kusa da Paris, aka kuma rufe maganar. Palewski ya mutu a 1984 da sankarar jini, kuma ya yi imani wannan ranar ce sanadi. Shi minista ne, an rubuta nasa. Buzayen da ke kiwo a kwarurukan da hayaƙin ya bi, da leburorin da aka ɗauka haƙa, ba wanda ya bi su da na'ura shekara da shekaru.

Ba Béryl kaɗai ba. Cikin goma sha ukun, huɗu ba su riƙe yadda ake so ba: Béryl, Améthyste, Rubis da Jade. Huɗu cikin sha uku. Wanda ya ce maka gwajin ƙarƙashin ƙasa tsaf yake, ka ba shi wannan adadin.

Ga wani abin da ke ba ɗalibai mamaki. Aljeriya ta sami 'yanci a Yulin 1962, amma gwaji na ƙarshe a dutsen an yi shi ne 16 ga Fabrairu 1966. Goma sha ɗaya cikin sha ukun a cikin 'yantacciyar Aljeriya aka yi su, har da mafi girma, Saphir, a Fabrairun 1965, wanda ya haura kilotan 100. Yarjejeniyar Evian ta Maris 1962, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Faransa da Aljeriya, ita ce ta bar wa Faransa wuraren na shekara biyar. Daga nan ta koma tsibiran Polinesiya a tekun Pasifik.

Na biyar… a'a, na huɗu, da sauri. Da za su tafi a 1967 sun binne kaya a rairayi, motoci, ƙarafa, kayan aiki, suka kewaye dutsen da waya. Waya a hamada kwana nawa take yi? Mutane suka shiga suna tono wayoyin jan ƙarfe da kwanon rufi, 'yan gwangwan suna saye, wasu suka yi rufin ɗaki da shi. Narkakken dutsen Béryl yana nan a daskare a bakin ramin, baƙi kamar gilashi. Hukumar nukiliya ta duniya ta je ta auna a 1999, rahoton ya fito a 2005, ya nuna wurin na daga inda guba ta fi yawa. Sinadarin siziyam-137 sai shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, fulutoniyam-239 kuwa shekara 24,000. Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, amma takardun da ake nema, shaidar kana wurin a ranar kaza, shaidar asibiti, makiyayi a ina zai samo su? Aljeriya har yau tana neman a ba ta cikakkiyar taswirar inda aka binne kayan.

Sauran duwatsun ambato kawai zan yi. Degelen a Kazakistan, Tarayyar Sobiyet ta yi gwaji sama da 200 a ramukansa. Ras Koh a Balucistan, Pakistan, 28 ga Mayu 1998. Mantap a Koriya ta Arewa, gwajin Satumbar 2017 ya girgiza ƙasa da maki 6.3, bayan minti takwas da rabi aka sake jin wata ƙaramar girgiza, alamar wani abu ya rufta a ciki.

Na'am, Hajiya, ga abin magana nan zuwa.

(Tambaya: Malam, hazon hunturu da muke shaƙa duk shekara daga hamada yake zuwa. Shin gubar nan muke shaƙa?)

Yawwa. Na san za a yi ta. A raba ta biyu, Hajiya. A 1960, e, ƙurar gwajin Reggane ta sauko kudu. Taswirar sojan Faransa da aka fitar daga sirri aka buga a 2014 ta nuna cikin kwanaki ta bazu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har Injamena, kuma Fabrairu ne, lokacin iskar arewa. Tsoron da iyayenmu suka ji ba na banza ba ne. Amma hazon yau, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Cadi, tsohon gindin tafki, ba daga Ahaggar ba. Masu binciken da suka auna ƙurar Sahara da ta faɗa Turai a 2022 sun sami burbushin siziyam kaɗan ƙwarai, ƙasa da abin da ke cutarwa, kuma alamar fulutoniyam ɗin da ke cikin ƙurar ta fi kama da ta manyan gwaje-gwajen Amurka da Sobiyet da suka game duniya. Abin da hazo ke yi wa ƙirjinki ƙurar ce kanta, ki rufe hanci, ki kula da masu asma. Haɗarin Tan Afella na wanda ya je wurin ne, ya taɓa, ya ɗauko, ya kai gida.

Kuma tunda kin kawo mu gida, bari in ƙara wannan. Yau da wuya a ɓoye irin wannan gwaji, kuma ɗaya daga kunnuwan da ke saurare yana Nijar, a Torodi, kudu maso yammacin Yamai. Tashar auna girgizar ƙasa ce ta hukumar hana gwajin nukiliya da ke Biyana. Girgizar ƙasa ta Allah gocewa ce, dutse ya goga dutse. Bam kuwa turi ne, lokaci guda, ta kowace fuska, kuma kusa da saman ƙasa. A kan takardar na'ura ba su kama da juna. In kuma ramin ya yi yoyo ko kaɗan, wata iska da bam ɗin ke haifarwa, ana ce mata zenon, tana fita, wasu tashoshin su shinshino ta bayan kwanaki.

Shugaba ya miƙe tsaye. Mai tambaya ta biyu, ka riƙe ta, in an idar da salla ina nan bakin ƙofa.