Lacca: Fim ya bi littafi sau da ƙafa, ko ya yi gaban kansa?

To jama'a, abu uku zan taɓo. Na baya can kuna ji na? Madalla.

Na farko littafin Dracula, labarin wani dodo mai shan jinin mutane. Bram Stoker ya fitar da shi a 1897, kuma wanda ya karanta ya san ba a jere ake ba ka labarin ba, wasiƙu ne da rubutun da kowa ke ajiyewa kullum, har da yankan jarida. To mutum ya biya kuɗin sinima ya zauna kallon wani yana rubuta wasiƙa? Ai sai a watse a bar ka.

Sai 1922 wani Bajamushe, Murnau, ya mai da littafin fim mai suna Nosferatu ba izini, ya sauya wa dodon suna zuwa Orlok wai don kar a gane. Aka gane! Matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata duk kwafi, Allah ya sa wasu suka tsira. Ga inda nake so ku riƙe: a fim ɗin hasken rana ne ya kashe shi. A littafi fa? Dracula na yawonsa a Landan da rana tsaka, ƙarfinsa kawai ke raguwa. Da rana tsaka fa! Wato abin da yau kowa ke rantsuwa haka yake a asali, fim ɗin sata ne ya kawo shi. Kuna dariya, amma wallahi wurin nan da gari ya waye ya ɓace kamar hayaƙi ya fi ratsa ni a kan ƙarshen littafin, inda da wuƙaƙe aka gama da shi.

Na uku... au na biyu ne ko? Littafin Frankenstein na Mary Shelley, 1818, labarin masanin da ya haɗa dodo da hannunsa. Lokaci ya ja. Dodon littafin har karatu ya koya, magana yake kamar malami, fim ɗin 1931 ya mai da shi mai gurnani kawai. Nan kam an cuce ta.

Na'am, ɗan'uwa? Yana tambayar fim ɗin Dracula na darakta Coppola, 1992, da ya sa sunan Stoker a taken fim. E, ya sa, sannan ya cusa soyayya tsakanin Dracula da Mina, matar da ya addaba a littafin. Je ka duba littafin shafi-shafi, in ka samo ta ni zan biya maka kuɗin mota.