Takunkumin ECOWAS a kan Nijar: Wa Ya Ji a Jikinsa?

Laccar da aka gabatar ga 'yan kasuwa da ɗalibai a Agege, Legas

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu, shugabannin kasuwa da ƙannena ɗalibai, barkanku da war haka.

A garin nan na Legas aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 28 ga Mayun 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Kasuwanci aka sa a gaba a lokacin. Maganar dimokuraɗiyya ta yi ƙarfi ne da yarjejeniyar Dakar ta 2001, wadda ta ce ƙungiyar ba za ta lamunci ƙwace mulki ba. Ta kuwa yi aiki a Gambiya a Janairun 2017, inda Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe, ya ƙi sauka, aka matsa masa har ya bar ƙasar.

Sai ga Nijar. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da hada-hadar kuɗi, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali mafi yawan wutarsu daga nan take zuwa.

Ni ba na goyon bayan juyin mulki. Duk wanda ya zauna a Legas bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya san ɗacin mulkin soja. Amma jama'a, wa ya ji takunkumin nan a jikinsa? Ba janar ba ne, shi yana da janareto. Mara lafiya ne a asibitin Yamai, da mai awon shinkafa a Maraɗi, da ɗan dako a Jibiya da Illela da Maigatari. Manyan motoci sun yi jerin gwano a Malanville, kan iyakar Benin, har da masu ɗauke da abinci da maganin agaji, domin tun farko ba a ware kayan jinƙai daga takunkumin ba. A nan nake ganin babban kuskuren yake.

Ku lura kuma da waɗanda suka iya buɗe ƙofa. Tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta je da farko, ba ta ga Tchiani ba. Malam Muhammadu Sanusi II ya je, ya gan shi. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka bi baya, sannan Abdulsalami ya koma har ya gana da Bazoum. Zumunci da girman malamai ne suka yi wannan aiki, barazanar yaƙi ba ta yi ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin bisa dalilin jinƙai, Bazoum yana tsare. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata a Janairun 2025.

Abin da ya shafe mu a nan: ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku, su shiga su fita ba biza, har sai an yanke wata shawara. Shugabannin kasuwar Mile 12 da na Abbatuwa, ku sanar da 'yan'uwanmu na Nijar masu kawo albasa da dabbobi wannan, kada wani ya tatse su a hanya da sunan ficewa.