Daga Cikin Jirgi Zuwa Gaɓa: Yadda Motocin Yaƙi Masu Shiga Teku Ke Aiki a Atisayen Ƙawaye

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Duk shekara a watannin farko, a bakin tekun Hat Yao na ƙasar Tailan, ana ganin motocin yaƙi masu sulke suna fitowa daga cikin teku a jere, ruwa na tsiyaya daga jikinsu, ƙofar baya ta sauka, sojoji su fito da gudu. Wannan shi ne atisayen Cobra Gold, wanda Tailan da Amurka suka soma a 1982, daga baya Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe suka shigo. Abin da kyamara ke ɗauka a bakin gaɓa bai wuce mintuna kaɗan ba. Aikin da ke tara waɗannan ƙasashe yana can baya, a tsakanin jirgi da gaɓa, inda ƙarfe mai nauyin tan 29 yake yawo a kan ruwa da mutane sama da ashirin a cikinsa.

Dalilin ƙera irin wannan mota ya fito fili a watan Nuwamban 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsibirin Tarawa da ke tekun Fasifik. Teku ba ta ciko yadda aka yi tsammani ba, sai ƙananan jiragen da ke ɗauke da sojojin Amurka suka maƙale a kan duwatsun murjani, nesa da gaɓa. Sojoji suka riƙa takawa cikin ruwa ana harbinsu. Motocin LVT masu ƙafar sarƙa su ne suka iya hawa duwatsun suka wuce. Asalinsu kuwa motar ceto ce da Donald Roebling ya ƙera a Fulorida don kai ɗauki bayan guguwa.

Jikar waɗannan motoci ita ce AAV-7, wadda ta fara aiki a 1972. Jikinta na alminiyom ne saboda rage nauyi. Mutum uku ke sarrafa ta: direba, kwamanda, da na ukun da ke kula da baya. Tana ɗaukar sojoji 21 da kayansu. A kan titi tana kaiwa kusan kilomita 72 a awa ɗaya, a ruwa kuwa iyakarta wajen kilomita 13. Injinta ɗaya ne, shi ke juya sarƙa a ƙasa, shi ne kuma ke juya na'urori biyu a baya masu zuƙar ruwa su fesa shi da ƙarfi don tura motar gaba. Koriya ta Kudu ta ƙera nata samfurin mai suna KAAV. Japan da Tailan da Filifin da Barazil da Sifaniya da Italiya duk suna da ita ko 'yar'uwarta. Wannan ne ya sa ta zama gatan atisayen haɗin gwiwa tsawon shekaru: makanikin Koriya yana iya leƙa injin motar Tailan ya gane inda matsala take.

Kafin mota ta taɓa ruwa, akwai binciken da ba a tsallakewa. Ana farawa da matosan da ke ƙarƙashin motar, waɗanda ake buɗewa a kan tudu don zubar da ruwan da ya taru. Matoshi ɗaya da aka manta ya isa ya kai mota ƙasan teku. Sai robobin da ke kewaye da babbar ƙofar baya da ƙaramar ƙofar da ke jikinta, a duba ko sun tsage ko sun bushe. Sai ƙofofin iskar injin da ke saman gaba. A kan tudu a buɗe suke domin injin ya sha iska, a ruwa kuwa dole su rufe ruf, su kulle, domin nan ne igiyar ruwa ke fara duka. Bayan haka a gwada famfunan kwashe ruwa guda huɗu, biyu na lantarki, biyu kuma masu aiki da matsin mai daga injin. Ku riƙe maganar famfunan nan, za mu dawo kanta. A ƙarshe a ɗaura igiyoyin ja a saman motar tun kafin a tashi, domin wanda motarsa ta mutu a tsakiyar igiyar ruwa ba shi da sukunin kwance ƙulli.

Su ma sojojin da za a ɗauka ana yi musu bayani kafin su shiga: ina ƙofofin sama suke, yaya ake buɗe su, a wane tsari za a fita, me za a fara cirewa daga jiki. Kowa ya sa rigar da ke hana nitsewa, amma ba a hura ta sai an fita waje, don idan ta kumbura a ciki za ta manne mutum da rufin motar. A atisayen ƙawaye wannan bayani yana da wuyar gaske, saboda sau da yawa sojojin wata ƙasa ne ke shiga motar wata. A cikin motar duhu ne, ga ƙarar inji, ga hayaƙin dizal, ga amai saboda jijjigar teku. Tafinta ba shi da amfani a wannan hali. Shi ya sa ake maimaita alamun hannu da taɓa kafaɗa a kan tudu har sai kowa ya haddace.

Jirgin da ke ɗauke da motocin yana da wani babban zaure a bayansa, daidai da saman ruwa, mai ƙofa da ke sauka kamar gada. Jirgin yana shan ruwa a tankunansa don bayansa ya ɗan nitse, a sauke ƙofar, a kwance sarƙoƙin da suka ɗaure motocin. Jami'in da ke tsaye a bakin ƙofa ne ke ba da izini da fitila ko tuta, mota ɗaya bayan ɗaya, da tazarar daƙiƙu a tsakani. Direba yana taka mai sosai ya faɗa ruwa. Hancin motar kan nitse na ɗan lokaci kafin ya taso. Idan ya yi sanyin ƙafa, bayan motar na iya bugun bakin ƙofar jirgin. Idan na bayansa ya yi gaggawa, sai ya hau kansa.

Daga nan motocin su taru, su jeru, su ƙetare wani layi da aka zana a taswira a daidai mintin da aka tsara. Idan jirgi ya tsaya kilomita 4 daga gaɓa, tafiyar za ta ci minti 20 zuwa 25. Wannan jinkiri shi ne babban raunin motar, domin makaman zamani suna tilasta wa jirage su tsaya nesa. Amurka ta yi ƙoƙarin ƙera wata mai gudu a saman ruwa, EFV, ta kashe kusan dala biliyan 3, sannan ta soke shirin a 2011.

Wuri mafi haɗari shi ne inda igiyar ruwa ke karyewa kusa da gaɓa. Tun kafin gari ya waye ake tura masu lura, su zauna suna ƙirga igiyoyin ruwa: tsayinsu, daƙiƙun da ke tsakanin ɗaya da ɗaya, kusurwar da suke zuwa da ita, ƙarfin ruwan da ke gudu a gefen gaɓa, da iska. Suna kuma duba irin karyewar. Akwai wadda ke zubowa a hankali, akwai wadda ke naɗewa ta faɗo gaba ɗaya, ita ce mai kifar da mota. Ana haɗa waɗannan a fitar da lamba ɗaya, idan ta wuce iyaka a fasa sauka. Ƙa'idar direba ita ce ya sa igiyar a bayansa daidai, kada ya bari ta same shi ta gefe. Kowace ƙasa tana da iyakarta, kuma a ganinmu abin da ya dace shi ne a bi iyakar da ta fi tsanani, ko da manyan baƙi sun riga sun zauna a rumfa suna jiran kallo.

Abin da ya faru ranar 30 ga Yulin 2020 ya nuna dalilin wannan tsanani. Atisayen na Amurka ne ita kaɗai, kusa da tsibirin San Clemente a Kalifoniya, amma duk mai irin wannan mota ya karanta rahotonsa. Wata AAV-7 ɗauke da mutum 16 tana komawa jirgin USS Somerset. Man giyarta ya tsiyaye, giyar ta mutu. Da ta mutu, sai famfunan da ke aiki da matsin mai suka rasa ƙarfi, ruwa kuma yana shigowa ta wuraren da ba su toshe da kyau ba. Ƙa'ida ta ce idan ruwa ya kai idon sawu, a kwashe sojojin da aka ɗauko. Ba a yi hakan a kan lokaci ba, motar ta yi kusan minti 45 tana shan ruwa, kwamandanta yana kaɗa tutar neman agaji. Babu jirgin ceto a kusa. Da wata motar ta zo taimako, sai ta buge ta, ta juya ta gefe, igiyar ruwa ta shiga ta ƙofar sama da aka buɗe. Mutum tara suka rasu. An ciro motar daga zurfin kusan mita 117. Bincike ya gano cewa da yawa daga cikin sojojin ba su kammala horon fita daga motar da ta nitse ba. A Disambar 2021 rundunar sojojin Amurka masu sauka daga teku ta hana motocinta na AAV-7 shiga teku in ba larura ta taso ba.

Wadda ta gaje ta ita ce ACV, ta kamfanin BAE Systems tare da Iveco na Italiya, wadda aka zaɓa a 2018. Tayoyi takwas gare ta maimakon sarƙa, tana ɗaukar sojoji 13 ban da ma'aikatanta uku, ƙasanta kuma mai tsini ne don kauce wa ƙarfin nakiya. A ruwa farfela biyu ke tura ta, gudunta wajen kilomita 11 a awa. An tsara ta don a sake ta daga nisan kilomita 22, wato tafiyar awa biyu ke nan a rufe. Ita ma ta zo da nata darasin. A Yulin 2022 biyu suka lalace a igiyar ruwa mai ƙarfi a sansanin soja na Pendleton da ke Kalifoniya, ɗaya ta kife, sannan wata ta sake kifewa a Oktoba. Ba a rasa rai ba. Abin da aka gano shi ne direbobin sun saba da mota mai sarƙa. Sarƙa tana cafkar yashi da zarar ta taɓa ƙasa, kuma tana iya juyawa a inda take tsaye. Taya kuwa tana buƙatar fili kafin ta karkata, sai igiyar ruwa ta sami damar tura motar ta gefe. Dole aka sake horar da direbobin daga tushe, aka sake ba su shaidar ƙwarewa.

A Mayun 2024 aka fara fitar da ACV zuwa atisayen ƙetare, wato atisayen Balikatan na ƙasar Filifin. Sun fito daga jirgin USS Harpers Ferry a mashigin Oyster da ke Palawan, suka yi harbi daga kan ruwa zuwa gaɓa. Bayan 'yan watanni suka sauka kusa da birnin Pohang na Koriya ta Kudu a atisayen Ssangyong, kafaɗa da kafaɗa da KAAV na Koriya ta Kudu. Wannan ya kawo sabon aiki ga masu tsarawa. Yanzu motoci iri biyu ne a layi ɗaya, gudunsu ya bambanta, yadda suke ɗaukar igiyar ruwa ya bambanta, kayan gyaransu ba sa shiga juna. Yashin da sarƙa za ta ratsa, taya na iya nitsewa a cikinsa sai an rage mata iska. Kafin ranar sauka dole a amsa tambayoyi da dama: motar wa za ta iya jan ta wa idan ta mutu, ƙugiyoyin ja sun dace da juna, wace tashar rediyo ce ta gaggawa, kuma wane jami'i ne ke da ikon cewa a tsaya, kowa ya tsaya ba tare da jiran izini daga ƙasarsa ba.

Ga Japan, irin wannan atisaye shi ne makaranta. Ta kafa rundunarta ta saukar gaggawa daga teku a Maris ɗin 2018 a Sasebo, bayan shekaru tana koyo a atisayen Iron Fist da aka soma a Kalifoniya a 2006. A Oktoban 2018 motocinta na AAV-7 suka sauka a gaɓar Filifin a atisayen Kamandag, a matsayin masu kai agajin bala'i. Wannan fannin agaji ba ƙaramin abu ba ne, domin idan guguwa ta rushe tashar jirage da gadoji, motar da ke fitowa daga teku ta hau tudu da tan huɗu na kaya tana cikin 'yan abubuwan da ke iya isa ga mutane.

Komawa jirgi ma aiki ne mai zaman kansa. Direba zai fuskanci igiyar ruwa da hanci, ya fita, ya nemi ƙofar jirgin da ke sama da ƙasa da motsin teku, ya jira alamar shiga, ya hau a daidai lokacin da bakin ƙofar ya sauko. Bayan an ɗaure motar, ma'aikatan za su wanke ta da ruwan daɗi ciki da waje, saboda gishiri yana cin alminiyom da wayoyin lantarki, musamman inda ƙarfe iri biyu suka haɗu. Za su buɗe matosai su auna yawan ruwan da ya shiga, su duba man giya da na ƙafafu. Idan man ya yi fari kamar madara, ruwan teku ya shiga cikinsa, dole a zubar a canza robar da ta yoye. Sai a matsa sabon giris a kowace gaɓa har tsohon ya fito, a rubuta duk abin da aka gani a littafin motar, kafin a ba ta izinin sake shiga ruwa washegari.